Akwatin Wutar Tsohuwar Kwamfuta

A Nguru da Gashuwa, in tsohuwar kwamfutar gida ta ƙi tashi, sai a yanke mata hukuncin mutuwa, alhali sau da yawa akwatin wutarta ne kawai ya gaza. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya rage ta zuwa 12 da 5 da 3.3. Ƙurar hunturu kan toshe masa fanka, zafin Afrilu ya busar da kafasitocinsa har su kumbura, hawa da saukar wutar janareta su ƙarasa shi. A ganina sauya shi ya fi jefar da kwamfutar hikima, domin tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, yawancin akwatunan nan suna hawa gurbin juna, ana kuma samunsu a titin Beirut da ke Kano.

Wani zai ce na'urar ta tsufa, har Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Gaskiya ne, amma ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da ke buga rubutunsa ba sabon yayi yake nema ba. Wanda ya ce a buɗe akwatin a sauya kafasita, ya fi arha, shi ma yana da hujja, sai dai aikin ƙwararre ne, don manyan kafasitoci kan riƙe wuta bayan an zare soket. Abin tsoro shi ne akwati na bogi, wanda in ya ƙone yakan tafi da madabod. Mai saye ya duba yawan wat ɗin akwatin, a gwada shi a gabansa kafin ya biya.