Takarda Ɗaya, Sunaye Barkatai

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, kun san takardar nan da muke kai gida ƙarshen kowane zango, wadda ke ɗauke da sunan uba da sakamakon yaro. Sau ɗaya tak ake rubuta ta. Ina cikin masu taya malamin kwamfuta wannan aiki, shi ya sa na san yadda abin yake.

Malam yakan tsara wasiƙar ya bar gurabe. Sunan yaro, da ajinsa, da garinsu, ko Yelwa ko Wara ko Shanga, na'ura ke ɗebo su daga jerin sunaye ta cike. Amma shekara da ranar komowa hutu, wuri guda ake ajiye su, kowace takarda ta ɗauka daga can. Da na bayyana wa kakana, sai ya yi dariya ya ce ai haka aka gina musu gidaje sa'ad da ruwan Kainji ya ci tsibirinsu a 1968: zubi ɗaya, mai gida ne kawai daban.

To, wurin nan guda shi ne abin tsoro. Bara an mance ba a sake ranar komowa ba, duk takardun suka fita da kuskure iri ɗaya. 'Yan cikin gari sun ji gyara a bakin mutane. Amma abokina da ke can bakin tafki, ubansa masunci ya biya kuɗin jirgi da na mota, yaro ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, saura mako guda.