Ranar da Bakina Ya Karkace

A kakar 2022 muna yankan riɗi a wata gona kudu da Gadarif, sai kunnena na dama ya kama zogi kamar ana soka mini tsinke. Na ce ƙura ce, na ɗaure shi da rawani na ci gaba da aiki. Bayan kwana biyu, ina alwalar asuba, na kurɓi ruwa zan kurkure baki sai ya zubo ta gefe. Na nemi in rufe idon dama, ya ƙi rufuwa. Shayin safe ma rabin harshena bai san da sukari a ciki ba.

Da na komo gida Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan ai marin aljani ne." Aka shiga rubutu da hayaƙi. Ni kuwa kunyar fita ta kama ni, na kulle kaina a ɗaki har kwana tara, ga jiri, ga ƙara a kunne.

Yayana ne ya matsa muka je asibiti. Likita ya haska kunnen, ya ga ƙuraje masu ruwa. Ya ce in ɗaga gira, gefen goshin bai motsa ba. Ya ce shanyewar ɓarin jiki takan bar goshi yana motsi, don haka wannan ciwon jijiyar fuska ne. Sai ya tambaye ni ko na yi ƙarambau ina yaro. Ashe ƙwayar cutar ba ta barin jiki, laɓewa take yi cikin jijiya shekara da shekaru, ran da jiki ya yi rauni sai ta taso. Wani likitan Amurka, Ramsay Hunt, shi ya bayyana ciwon a 1907, ake kiransa da sunansa.

Ya ba ni maganin ƙwayar, da na kumburi, da na ɗigawa a ido. Amma ya ce maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku.

Yau bakina ya miƙe, alhamdu lillahi, sai dai kunnen ya rage ji, in ina cin tuwo kuma idon ya riƙa hawaye.

'Yan uwa, addu'a ba ta hana neman magani. Wanda ya ga ciwon kunne ya haɗu da karkacewar baki, kada ya kwana bai ga likita ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.