Ranar Salla, Makullin Babur Na Hannun Wa?

Sau biyu a shekara garin Tasawa yakan ɗauki jama'ar da ta fi ƙarfin hanyoyinsa. Ƴan cirani sun dawo daga Agadas da Aljeriya da Libiya, wasu daga Kano da Legas. Ma'aikata sun zo gida daga Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mutanen Maijirgi da Korgom da Hawan Dawaki da Urafan sun shigo gaida dangi. Haka abin yake a Mayahi, inda mutanen Kanambakashe da Isawan da Sarkin Hausa kan cika gari tun hantsi. Ga kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta ratsa Tasawa, wadda ba ta san salla ba: manyan motocin kaya da bas-bas ɗin da ke kai-komo tsakanin Maraɗi da Damagaram suna wucewa kamar kullum.

Bayan kowace salla kuma hirar iri ɗaya ce a bakin masallaci da ɗakin malamai. An buge yaron wane, ɗan wane ya karye, ƴar wance tana kwance. Sai a rufe da tambayar nan da kowa ya haddace: wai ina jami'an tsaro suke?

Ni dai tambayar nan ta daina gamsar da ni. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum rabin miliyan, kuma jihar Maraɗi ce ta biyu a yawan jama'a a Nijar, bayan jihar Damagaram. Yau an wuce nan nesa. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. A gefe guda kuma ga ƴan sanda a cikin gari, ga jandarmomi a kan hanyoyi da ƙauyuka, ga gardi, ga dogaran sarki. Da safen salla aikinsu na farko filin idi ne, wurin da liman da sarki da hukumomi da dubban mutane ke zaune a fili ɗaya, a zamanin da kowa ya san halin da tsaro yake ciki a yammacin jiharmu, wajen Madarunfa da Gidan Runji. Ba mai hankalin da zai ce su bar filin idi. In aka sauko, sai rakiya, sai fada, sai tsaron mahaɗar hanyoyi. Ko da an ninka yawansu sau uku, ba za a samu wanda zai tsaya a kowane lungu ba.

Alhali ɓarnar ba a filin idi take faruwa ba. Daga la'asar zuwa bayan magariba ne, lokacin yawon salla. A lokacin ne za ka ga yaro ɗan shekara 13 ko 14 a kan babur, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, ya ɗauko abokai biyu, wani lokaci uku. An kwance salansa don a ji shi tun daga nesa. Wannan ya saki hannu, wancan ya ɗaga ƙafar gaba, ƴan kallo suna shewa. Gefen kwalta kuwa rairayi ne, taya na taɓa shi sai ta zame. A kan wannan hanyar dai ƙananan yara ke tsallakawa ayari-ayari da sababbin kaya, kowa idonsa na kan ƴan kuɗin barka da sallar da ke hannunsa. Ga amalanken shanu, ga jakuna. In babbar salla ce, ga wuta an hura a ƙofar gidaje an jera raguna a itace ana gashi, hayaƙi ya rufe lungu. Ƴan matan da ake goyowa a baya su ma suna da nasu haɗarin da ba a cika faɗa ba: bakin hijabi ko zane ya shiga cikin taya, kafin a ankara an fizgo ta ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa ta haka kowace shekara, nahiyar Afirka ce kuma ta fi muni in aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta ce mai tafiya a ƙasa in aka buge shi da gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi a kan wanda aka buge da gudun 50. Tazarar 50 da 65 a hannun yaro ɗan murɗa totur ne kaɗan, daidai lokacin da ya hango abokansa suna kallo. Hular kwano kuwa, wadda muke ce wa kaske, ranar salla ba ta da kasuwa, don ba ta dacewa da shadda da hular zanna.

To amma yaro ɗan shekara 14 bai sayi babur ba. Na ubansa ne, ko na yayansa da ya dawo daga cirani yana son ƙanne su san ya samo, ko kuma na wani ɗan kabu-kabu da ya ga ba da haya na awa biyu ya fi masa yinin aiki. Kowane babur da ke yawo a hannun yaro, akwai babban da ya miƙa makulli, ko ya ajiye shi inda ya san za a ɗauka ya kawar da kai.

Abin da ke biyo baya shi ya fi ci mini rai. Jandarma ya tare yaro, ya karɓe babur. Kafin a yi sallar isha'i uban ya iso, ba shi kaɗai ba, ya ɗauko wani dattijon da ake jin kunya. “Ranka ya daɗe, yaro ne, a yi haƙuri. Salla ce.” In bai yiwu ba a buga waya ga wani na sama. Washegari babur ya koma hannun da aka karɓe shi. Yaron ya koyi darasi, amma ba wanda ake so ba: ya gane dokar tana ƙarewa ne daidai inda sanayyar babansa ta fara. Jami'in shi ma ya koyi nasa, cewa kama yaron masu gari wahalar banza ce da jawo wa kai baƙin jini. Mu ɗin nan da muka je roƙo ranar salla, mu ne bayan kwana uku za mu zauna muna tambayar ina jami'an tsaro.

Na taɓa kawo wannan magana a taron kwamitin kula da makaranta, wanda har yanzu yawancinmu muke kira Kojes, ana saura mako biyu babbar salla. Abin da ke kan takarda ranar shi ne gyaran bencina, da kara da za a sake wa rumfunan aji, da kuɗin alli. Da na gama, shugaban iyaye, dattijo ne mai mutunci, ya dube ni ya ce, “Mushe, maganarka gaskiya ce, amma ba ita ta tara mu ba. Wannan ai aikin hukuma ne.” Wasu suka gyaɗa kai, aka koma kan bencina.

Ban ga laifinsa duka ba. Duk wanda ya taɓa jan taro a ƙasar nan ya san in ba a ja layi ba, za a faro daga alli a ƙare a farashin tiyar gero da siyasar Yamai, rana ta faɗi ba a yanke komai ba. Taro yana bukatar mai cewa a dawo kan magana. Inda muka saɓa da shi shi ne wurin da ya ja layin. A ganina ma'aunin abu ɗaya ne: shin maganar ta taɓa yaron da muka taru dominsa? Farashin gero zai iya jiran majalisar yamma. Amma benci ana gyara shi ne don yaro ya zauna a kai, kuma a 2024 da 2025 babbar salla ta faɗo ne cikin watan Yuni, dab da jarrabawar BEPC da ta bakaloriya. Na koyar da yarinyar da ta shekara huɗu a kwaleji ba ta taɓa fita daga sahun biyar na farko ba, aka goyo ta a babur ran kashegarin salla, ta karye a hannun dama ana saura ƴan kwanaki jarrabawa. Aka kai ta wurin mai ɗori. Shekarar ta wuce ta, kafin wata ta zagayo an ɗaura mata aure. A rajistar makaranta an rubuta ta cikin waɗanda suka bar karatu, ba a rubuta babur ba.

Ita ma ta yi sa'a karayar hannu ce. In buguwar kai ce ko karayar da ta fi ƙarfin asibitin gunduma, sai an nufi Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Tasawa, a daren da direbobi da ma'aikata su ma suke salla a gidajensu.

Akwai masu cewa a hana hawa babur kawai na kwana uku a huta. Ba na tare da su. Mun ga yadda hani yake. An hana babura a jihar Difa a 2015, aka hana a sassan Tilaberi a farkon 2020, duka saboda tsaro, kuma talakan ƙauye ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Kano ta hana acaɓa a 2013. A 2024 da 2025 ƴan sanda sun hana hawan salla a Kano saboda rikicin sarauta, a daidai lokacin da UNESCO ta sa hawan cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024. Kowane da dalilinsa, amma namu dalilin bai kai nan ba. A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, inda rairayi ke kafe mota, babur shi ne motar asibiti, shi ke kai mai naƙuda, shi ke kai tsohuwa gaisuwar salla garin ƴarta. Ba za a hukunta magidanci saboda ɗan da bai kai hawa ba.

Waɗanda na ga sun taɓuka abin kirki ba su jira umarni ba. A unguwarmu akwai wata fada ta samari, irin waɗanda muke yi wa kallon masu zaman shayi da karta. Sallar bara suka fito da bencinansu biyu suka gitta a bakin lungun da yara suka fi bi, suka bar ƴar hanyar da babur ba zai wuce ba sai ya rage gudu, biyu daga cikinsu kuma suka tsaya bakin kwalta suna tsallakar da ƙanana rukuni-rukuni har aka kira magariba. Masu wasa da babur ɗin ƙannensu ne da abokansu, sun san sunan kowa da gidansu, abin da jandarman da aka turo daga wata jiha ba zai sani ba. Sai dai a kula: ranar da suka ɗauki bulala ko suka fara karɓar tara, an fita daga taimako an shiga wata fitina. Iyakarsu benci da baki.

Uwaye kuma sun fi kowa sanin inda makulli yake. Ƙungiyar uwaye ta makaranta ba a cika tunawa da ita ba sai za a yi gangamin sa ƴan mata lakwal, alhali uwa ce ke ganin lokacin da yaro ya shiga ɗakin babansa ya fito hannu a aljihu. Da yawa suna gani, suna tsoron faɗa ne kar a ce sun hana yaro salla, ko kishiya ta ce an sa wa ɗanta ido. In maigida ya faɗi dokar da bakinsa a tsakar gida tun daren jajibere, ya sauke musu wannan nauyi. Mu malamai ma muna da ajin ƙarshe kafin hutu. Minti goma sun isa a zana hanya a allo, a nuna musu tazarar da babur ke ci kafin birki ya kama a kan rairayi, a kuma faɗa wa ƴan mata su tattare hijabi kafin su hau bayan kowa.

Maƙwabcina, tela ne mai ƴaƴa maza huɗu, ya gaji da ɓoye makulli, don kullum sai sun gano. Yanzu da asubar salla yakan kwance bujin babur ya jefa a aljihun babbar rigarsa, ya tafi idi da ƙafa. Bara babban ɗansa ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa sabuwar shaddarsa, sannan ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, babur ɗin nan ya ƙi tashi.” Uban yana yanka goro ya ce, “To, shi ma salla yake. Jibi in Allah ya kai mu sai mu duba shi.”