Daga Dutsin-Ma zuwa Tibirin Gobir: A kan hanyar masu jinyar talaka

Daga Dutsin-Ma zuwa Tibirin Gobir da ke Jamhuriyar Nijar ba ta kai tafiyar yini guda a mota ba, idan hanya lafiya kuma iyaka a buɗe take. Iyayenmu da kakanninmu sun sha bin ta, wasu fatauci, wasu zumunci, wasu biki. Amma akwai abin da ke jere a gefenta wanda ba kasafai matafiyi ke lura da shi ba, wato wuraren da aka kafa domin mutanen da jama'a ke gudu: masu cutar kuturta, da mata masu yoyon fitsari, da yaran da tamowa ta kama. A ƙarshen hanyar kuma akwai labarin wata baƙuwa da ta ƙare rayuwarta tana yi wa talakawan ƙauyukan Maraɗi hidima. Wannan hanya za mu bi yau, ɗalibai, zango-zango.

Zangon Kurfi

Mota ta tashi daga tasha, ta bar duwatsun Dutsin-Ma a baya, ta nufi arewa. Tsakanin Dutsin-Ma da Katsina kilomita 60 ne ko kusa da haka, Kurfi kuma tana tsakani. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake ne hagu da dama. Da rani kuwa sai kara da ƙura da garken awaki.

Ga abin lura a nan. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Sarautar Maraɗi tsohuwa ce a ƙasar Katsina, kuma masana tarihi da dama suna ganin daga gare ta garin Maraɗi ya samo sunansa. Ke nan tun ba mu je iyaka ba, mun fara jin ƙanshin inda muka dosa.

Zangon Babbar Ruga

Da mun iso Katsina, sai mu ɗan ratse ta hanyar Batsari. A bayan gari kaɗan akwai asibitin Babbar Ruga. A shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka danƙa wa 'yan mishan na SIM jinyar masu kuturta a wurin. A lokacin babu sahihin magani, wanda cutar ta kama sai a ware masa ƙwarya da tabarma, wani ma a fitar da shi daga gari. Yanzu zance ya sake. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani haɗin magunguna da ke warkar da kuturta cikin wata shida zuwa shekara ɗaya, kuma kyauta ake bayar da shi. Wanda ya je asibiti da wuri, yatsa ɗaya ba zai rasa ba.

A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga aikin kuturta, sai ya tarar da wata lalurar da ta fi ɓoyuwa: yoyon fitsari. Yawanci doguwar naƙuda ke jawo shi. Idan mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kai masa, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Sau da yawa jaririn ba ya rayuwa, uwar kuma sai miji ya guje ta. Likitan ya duƙufa ga yi wa irin waɗannan mata tiyata, ya kuma koyar da wasu likitoci. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta ƙasa ta wannan aiki.

Ƙetare iyaka

Daga Katsina sai Jibiya, sai Magama, sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. Kuɗi ya koma sefa, allunan hanya sun koma Faransanci, ɗan sanda ya koma jandarma. Amma mai furar da ke bakin tasha da Hausa za ta yi maka ciniki. Ruwan da ya ratsa ta Jibiya ma shi ne ke wucewa ya zama Gulbin Maraɗi, bai san fasfo ba.

Kafin a shiga Maraɗi akwai Danja, wadda ba ita ce Danjan jihar Katsina ba. Nan ma akwai asibitin kuturta da SIM ta kafa tun shekarun 1950, kuma a 2012 aka buɗe sashen yoyon fitsari. Kun ga lalura iri ɗaya ce ta haɗa mu da 'yan uwanmu na ƙetare.

Maraɗi kuwa gidan Katsinawa ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tsofaffin sarakunan Katsina sun yi ƙaura zuwa arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tsohon garin a kwari yake, bakin gulbi, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Gari ne na kasuwanci, na manyan alhazai da manyan motoci. Amma a 2005, bayan fari da fāra sun cinye amfanin gona, ƙauyukan wannan yanki suka shiga matsananciyar yunwa. A shekarar kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa a Nijar, akasarinsu a yankin Maraɗi.

Baƙuwa daga Senegal

Shekara ɗaya bayan wannan yunwa, a 2006, wata sista 'yar ƙasar Senegal mai suna Marie-Catherine Kingbo ta sauka a Maraɗi. Sista, ga wanda bai sani ba, ita ce mace mai zaman zuhudu a ɗarikar Katolika. Takan ɗauki alkawari uku: ba za ta yi aure ba, ba za ta mallaki dukiyar kanta ba, kuma za ta yi biyayya ga shugabanninta. Wasunsu koyarwa suke yi, wasu jinya, wasu riƙon marayu.

An haifi Marie-Catherine a 1953. Ba ƙaramar mace ba ce a inda ta fito, domin daga 1988 zuwa 2000 ita ce shugabar wata daɗaɗɗiyar ƙungiyar sistoci ta Senegal. Bayan ta sauka ta tafi Faris ƙaro ilimi, a can ne ta ƙudurta komawa wata ƙasar Musulmi ta zauna cikin talakawa. Tana da shekara 53, shekarun da mutum ke neman inuwar hutawa, ta zaɓi Maraɗi. Da amincewar Bishop Ambroise Ouédraogo ta kafa ƙungiyarta, Fraternité des Servantes du Christ.

Kiristoci 'yan kaɗan ne a Nijar, don haka kusan duk waɗanda ta yi wa hidima Musulmi ne. Ta san cewa baƙo, ko da idonsa ya kai kwano, ba ya ganin gari sai da ɗan gari. Saboda haka ta riƙa shirya zama da masu gari da limamai da mata da samari na ƙauyuka, ana tattauna abin da ya dami kowa: yunwa, da tsafta, da karatun 'ya mace, da aurar da yarinyar da jikinta bai isa haihuwa ba. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa a Nijar 'yan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Wanda ya tsaya a Babbar Ruga da Danja ya san inda wasu daga cikinsu ke ƙarewa. Da ta zo tana zagin al'adar mutane, da ba wanda zai shimfiɗa mata tabarma karo na biyu.

A ƙauyen Ɗan Bako ƙungiyar ta buɗe wurin kula da yara masu tamowa da iyayensu mata. A irin waɗannan wurare abin da ake fara yi shi ne awon damtse. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake naɗa wa yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya nuna kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Idan ya nuna ja, wato damtsen bai kai santimita 11.5 ba, yaron yana bakin mutuwa, sai a gaggauta. Abincin da ake ceto irinsu da shi kuwa haɗin gyaɗa ne da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. Gyaɗar da muka wuce a gonakin Kurfi, ita ce dai.

Ban da wannan, sistocin sun riƙa ba mata ɗan jarin sana'a, su juya su mayar a ba wasu. Dalilin a fili yake: idan aka warkar da yaro aka mayar da shi gidan da babu hatsi, wata biyu zai dawo.

Zangon ƙarshe: Tibiri

Daga Maraɗi zuwa Tibiri 'yar gajeriyar tafiya ce. Nan ne fadar Sarkin Gobir tun 1836, lokacin da Gobirawa suka kafa garin bayan yaƙin Gawakuke. A wannan gari mai tarihin doki da mashi ƙungiyar Marie-Catherine ta gina makaranta, har da ɗakin kwana na 'yan matan da aka kawo daga ƙauyuka domin su samu su yi karatu. Ta rasu a watan Mayu na 2021, bayan kusan shekara 15 tana wannan aiki, sistocin da ta horar kuma suka ci gaba.

Darasi daga Kalkata

Idan aka ambaci sista mai hidimar talakawa, sunan da duniya ta fi sani shi ne Mother Teresa. An haife ta a 1910 a Skopje da ke Turai, ta isa Indiya a 1929, ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar 'yan mata a birnin Kalkata. A 1948 ta bar makarantar ta shiga unguwannin marasa galihu, a 1950 ta kafa ƙungiyarta, a 1952 kuma ta buɗe wani gida a unguwar Kalighat inda ake kwaso waɗanda ke mutuwa a bakin titi, a yi musu wanka, a ba su abinci, a zauna kusa da su har rai ya yi halinsa. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 1979, ta rasu a 1997.

Sai dai ba yabo kaɗai ta sha ba. A 1994 Dokta Robin Fox, editan mujallar likitoci ta Lancet, ya ziyarci gidan. Ya yaba da tsafta da kulawar ma'aikatan, amma ya koka cewa ba a tantance mai iya warkewa da wanda ciwonsa ya ƙi magani, kuma babu isassun magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi. Wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Tausayi ne ke kai mutum bakin gadon majinyaci, amma idan ya isa, sai da ilimi zai san abin da zai yi. Matar da ke Babbar Ruga tana bukatar mai share mata hawaye, tana kuma bukatar mai iya riƙe allurar ɗinki.

Mu dawo gida

Kada wani ya ɗauka jinƙai baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, matan da ke yawo ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu mata, suna kuma taimakon marasa ƙarfi. Har gobe a gidajenmu akwai gwaggo ko inna da ke kwana a ƙasan gadon asibiti tana jinyar wani, ba albashi ba lambar yabo.

Amma bukatar ta ƙaru. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa na ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi da Jibiya da gonakinsu, wasu sun shigo garuruwa, wasu tun 2019 sun ƙetara yankin Maraɗi gudun hijira. Shi ya sa ma wannan tafiya tamu ta takarda ce, ba mu ce wani ya kama hanya ba. Inda aka bar noma, tamowa ke biyo baya. Inda ma'aikacin lafiya ya gudu daga ƙauye, doguwar naƙuda ke dawowa.

To, wa zai cike gurbin? Akwai makarantar koyon aikin jinya a Katsina, da ta ungozoma a Malumfashi, da na kimiyyar lafiya a Kankiya da Daura. Mai son shiga aikin jinya ko ungozoma yana bukatar kiredit biyar: Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Ɗalibar da ke aji huɗu yau, idan ta dage, nan da 'yan shekaru ita ce za ta iya karɓar haihuwa a ƙauyensu, da harshen da mai naƙudar ke ji.

Kafin lokacin ma akwai abin yi. A unguwarku akwai tsohon da ya kwanta ciwo ba mai ɗebo masa ruwa. Akwai almajirin da ƙafarsa ta yi gyambo ba wanda ya raka shi asibiti. Akwai maƙwabciyar da ɗanta ke ta ramewa, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, ana cewa maita ce. Kai da ka karanta wannan shafi ka san alamar tamowa ce. Ka gaya wa mahaifiyarka cikin ladabi, ku shawarce ta ta kai shi awo tun yau.