Shafin Indabo Ya Ƙi Buɗuwa a Indabo

A zangon da ya wuce, malaminmu na darasin kafofin sadarwar zamani ya umarci kowane ɗalibi ya gina shafin intanet a kan al'adun garinsu. Ni kuwa mutumin Indabo ne, ta ƙasar Wudil, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na fara zana tsarin a takarda. Ran Juma'a na shiga kasuwar shanu ta Wudil na ɗauko hotuna, sa'an nan na naɗi muryar kakata tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Baƙaƙen nan masu ƙugiya sun wahalar da ni ainun, domin salon rubutun da na zaɓa ba shi da su. Duk inda ƙ take, sai ɗan akwati ya fito. Dole na sake wani.

Malam ya yaba. Amma da na je hutu na buɗe wa Iya a waya, sai abu ya yi ta juyawa, ashe hotunan sun fi ƙarfin sabis ɗin garinmu. Da ta gaji da jira, sai ta ce, "Kai maigidana, zauna in sake ba ka ita da baki."

A daren nan na rage hotunan daga 30 zuwa 6, na mai da muryarta can sama.