Kafin Ka Sayi Ƙarfe, Ka San Wa Kake Ƙera Wa Inji

Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan wakshof ɗin sashen injiniyan kanikanci, a kusan kowace kwalejin kimiyya da fasaha, ya san wannan maƙabartar: injinan sussukar masara, na markaɗe, na yankan ciyawa, duk a jibge tsatsa na ci. Kowanne akwai ɗaliban da suka yi karo-karo suka ƙera shi, suka kare shi a gaban malamai, suka samu makinsu suka tafi. Da yawansu sun tashi a ranar kare aiki, sun yi ƙara, an tafa. Amma in ka tambaya wa aka yi wa injin, kilo nawa yake ci a awa, nawa za a sayar da shi, sai ka buɗe babi na ɗaya na rahoton ka tarar da layi guda: manufar aikin ita ce a tsara kuma a ƙera inji kaza. Shi ke nan fa.

Mu huɗu ne a rukuninmu na aikin kammala difloma, kuma abin da muka zaɓa injin ɓarar gyaɗa ne. Ni ɗan Birnin Kudu ne, dangin mahaifiyata kuma suna ƙasar Gwaram, inda gwaggona ta shekara da shekaru tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da muka kai wa malamin da ke duba aikinmu take, bai ce komai a kan zane ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa zai yi amfani da shi?" Ya ce kada mu rubuta ko layi ɗaya sai mun dawo masa da amsa.

Hutun da ya biyo baya na yi shi ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ina tambayar mutane. Abin da na samo ya nuna mini cewa "injin ɓarar gyaɗa" ba abu ɗaya ba ne. Gwaggo ta ce ita ko ƙwayar ta fashe ba ruwanta, ai soyawa za ta yi ta kai markaɗe. Damuwarta ɓawo ne: in ya biyo ƙwaya sai ta zauna shiƙa da tsinta, rabin yini ya tafi. Wani dattijo manomi kuwa da na samu a kasuwar Sara ya ce shi ba zai taɓa zuba gyaɗar irinsa a inji ba, domin ƙwayar da ta tsage ko fatarta ta saluɓe ba ta tsirowa yadda ya kamata. Gara 'ya'yansa su ɓare da hannu ko da za a yi mako ana yi. Mai sayen gyaɗa ya kai Kano kuma sauri kawai yake so, buhu nawa a yini.

Mutum uku, inji uku. Kuma bambancin ba a baki ya tsaya ba, yana cikin ƙarfen. Injin dai ganga ce mai juyawa a kan rariyar ƙarfe; tana murza gyaɗa, ɓawo ya fashe, duk su zubo ta ramukan rariya, fanka ta hure ɓawon. In ka matse tazarar da ke tsakanin ganga da rariya ko ka ƙara gudun ganga, aiki zai yi sauri amma ƙwaya za ta riƙa farfashewa. In ka sassauta, ƙwaya ta tsira amma wata gyaɗar ta wuce ba a ɓare ta ba. Girman ramin rariya ma ya danganta da irin gyaɗar, don 'yar gida da irin SAMNUT na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba. Ba za ka gamsar da kowa da saiti ɗaya ba. Dole ka zaɓa, kuma zaɓin nan shi ne manufa.

Mun zaɓi irin su gwaggo. Manufarmu ta zama layi ɗaya: a ƙera ƙaramin injin ɓarar gyaɗa wanda ƙungiyar mata masu man gyaɗa a ƙauye za ta iya saya, ta sarrafa, ta kuma gyara a inda take. Ƙarƙashinta muka jera ƙudurori biyar, kowanne da abin da za a auna shi. Ya ɓare aƙalla kilo 100 a awa. Cikin kowane kilo 100 da aka zuba, wadda za ta fito da ɓawonta kada ta wuce kilo 5. Ƙwayar ta fito a shiƙe, ba sai an koma faifai ba. Ya yi aiki da ƙaramin injin fetur irin na ban ruwan fadama. Sannan duk abin da zai iya lalacewa, boris ne, bel ne, rariya ce, ya zama wanda mai walda ko bakanike a Birnin Kudu zai iya samu ko ya ƙera.

Ku duba yadda layi ɗaya daga cikin waɗannan ya juya zanen gaba ɗaya. Muna so gangarmu ta riƙa juyawa wajen sau 300 a minti. Da injin lantarki mai juyi 1,440 muka ɗauka, fuli biyu da bel ɗaya sun isa, don ragin bai kai kashi biyar ba. Amma a ƙauyen gwaggo wuta ba abin dogaro ba ce. Injin fetur kuwa yana kai 3,600 a minti in an sakar masa wuta, wato sai an rage gudu sau 12. In ƙaramin fuli inci 3 ne, babban sai ya kai inci 36, abin da ba zai zauna a kan ɗan injinmu ba. Dole muka raba ragin gida biyu, muka ƙara shaf a tsakiya da boris biyu da bel guda. Wanda bai rubuta abin da zai juya injinsa ba tun farko, sai ya gama walda zai ci karo da wannan lissafin, lokacin kuɗi sun ƙare.

Takardar nan ta kuma raba mu faɗa. Ɗaya daga cikinmu, haziƙi ne wallahi, ya zo da shawarar a haɗa wa injin sola, tunda fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Wani ya ce a liƙa masa wurin matse mai, ya zama biyu a ɗaya, malamai za su yaba. Ba mu yi gardama mai tsawo ba. Muka ɗauko takardar muka tambaya: wannan ƙarin, wane ƙuduri cikin biyar yake taimaka wa? Farantan sola da batir kaɗai sun fi ƙarfin aljihun matan da muka ce muna yi wa aiki, balle namu da iyaye ke tara mana da kyar. Muka ajiye shawarwarin biyu a babin ƙarshe don masu zuwa bayanmu. Da muka je Ƙofar Ruwa a Kano sayen ƙarfe, jerin kayanmu bai wuce rabin shafi ba, kuma ba mu dawo da abin da ba mu yi amfani da shi ba.

Wannan ba dabarar ƙananan ayyuka kaɗai ba ce. A 1961 shugaban Amurka Kennedy ya ɗora wa ƙasarsa aikin kai mutum duniyar wata a dawo da shi lafiya kafin 1970. Abin yi a fili, wa'adi a fili, sharaɗi a fili. A watan Yulin 1969 aka je aka dawo. Ka cire sharaɗin dawowa lafiya, ai wani kumbon daban za a ƙera.

Wani zai ce sa lamba haɗari ne: in ka rubuta kilo 100 injin ya tsaya a 70, ka tona wa kanka asiri a gaban malamai. Ni dai ina ganin akasin haka. Wanda ya ce ya nufi 100 ya samu 70, ya kuma nuna cewa gyaɗar ba ta bushe sosai ba ko bel na zamewa, ya yi aikin injiniya, kuma na bayansa sun san inda za su ɗora. Wanda ya ce "injin ya yi aiki yadda ya kamata" bai faɗa wa kowa komai ba. Namu gwajin yana nan tafe da sikeli da agogo, sau uku a kowane saiti, sannan mu ɗora injin a mota zuwa Gwaram. Can ne alƙalan da ba sa duba kyan fenti suke.

Ƙannenmu na ajin farko, kafin lokacinku ya zo, ku yi amfani da watannin sanin makamar aiki da hutu ku shiga kasuwa da gona ku yi tambaya. Ku dawo da sunan sana'a ɗaya, matsala ɗaya, da lambobin da za ku iya aunawa. Ƙudurin da ba a ɗora shi a sikeli, ko a auna shi da agogo, ko a ƙirga shi da naira, fata ne kawai. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.