Shafin da aka kafe ba ya matsawa

Cikin abubuwan da nake koya wa ɗalibai game da kwamfuta, wanda ya fi wuyar shiga kai shi ne cewa na'ura na iya samun wuri a ƙwaƙwalwarta amma ta kasa amfani da shi. Iyaye ma haka. Da wayar yaro ta ƙi buɗe kyamara sai a ce ta cika, a hau goge hotuna, alhali hotuna suna ma'ajiya dabam, ba a ƙwaƙwalwar aiki ba, wadda masu sayar da waya ke kira RAM.

Wayoyin Android da ke hannun ƴaƴanmu suna tafiya ne bisa zuciyar Linux, manhajar da Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991. Zuciyar nan tana yanka ƙwaƙwalwar aiki gunduwa-gunduwa, kowace ana ce mata shafi, galibi bayit 4096. Sauran manhajoji ba su san ainihin inda shafukansu suke ba. Lamba kawai ake ba su, zuciyar ke riƙe da rajistar da ke nuna wurin gaske. Shi ya sa take iya kwafe shafi zuwa wani wuri, ta gyara rajista, mai shafin bai sani ba.

A aji nakan kwatanta da benci. Guraben zama takwas ne babu kowa, amma a warwatse, ga baƙi huɗu da dole su zauna jere. Malami zai ta da wannan, ya matsar da wancan, har benci guda ya fito. Linux ta samu irin wannan tattarawa a 2010, aikin Mel Gorman.

To amma akwai ɗalibin da ba ya tasuwa. Kayan aiki irin su kyamara da katin sadarwa suna zuba bayanai kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu ba sa duba rajistar nan. An gaya musu wuri, can za su zuba. Idan aka ɗauke shafin ana tsakiyar aiki, sai su zuba a kan kayan wani, bayanai su lalace ba wanda ya lura. Don haka ake kafe shafin har a gama. Shafi ɗaya kafaffe ya isa ya ɓata babban fili: yanki mai megabayit 2 shafuka 512 ne, in guda ya ƙi matsawa, sauran 511 ba za su zama yanki ɗaya ba.

Wasu kyamarori na buƙatar fili a jere. A 2012 Linux ta karɓi wata dabara daga injiniyoyin Samsung: a keɓe musu fili, a ranta wa wasu shi muddin ba a buƙata, a kwashe su idan kyamara ta nema. Dabarar tana aiki, sai fa in an kafe shafi a cikin filin aron.

Maganin da aka yi shi ne abin da ya fi burge ni. Ba a tsaya kokawar tumɓuke kafaffen shafi ba. Duk mai son kafewa na dogon lokaci sai ya faɗa tun farko, a fitar da shafinsa daga filin aro zuwa inda zamansa ba zai tare kowa ba, sannan a kafe. A ganina wannan ya cancanci darasi guda cikakke, da benci da ɗalibai, ko babu kwamfuta a makarantar.

Ba kowace matsalar kyamara ce daga nan take ba, wata gilashin ne, wata manhajar ce. Amma kafin a kai waya wurin mai gyara ko a sauko da manhajojin “share waya” masu cin kuɗin intanet, a kashe ta gaba ɗaya a sake kunnawa. Duk shafukan da aka kafe za su saku, a sake rabon wuri daga farko.